Jawabin da Ya Dawo a Aljihu

Daga Birnin Konni zuwa Sakkwato bai cika kilomita 100 ba, kuma mutanen ƙasarmu ba su taɓa ɗaukar wannan a bakin tafiya ba. Ranar Laraba 'yan Najeriya ke cika kasuwar Konni, ranar Lahadi mu kuma mu tsallaka Illela mu sayar da bisashe, mu sayo atamfa da abin masarufi. A Bazaga da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a Tangaza, ko Gwadabawa, ko cikin birnin Shehu kansa. Amma a wajenmu 'yan lakol, lokacin da nake kolej, Sakkwato ta fi Faris nisa. Ina iya ba ka labarin fadar Bersai ta Sarki Luwi na 14, in gaya maka abin da ya faru ranar 14 ga Yulin 1789, alhali ban san ta wace ƙofa mutumin Konni yake shiga Sakkwato ba. An koya mana Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ba zan yi wa malamanmu ƙazafi ba. Sai dai rabin shafi ne, da Faransanci, tsakanin Alhaji Umaru Tal da Samori Ture, mu haddace mu juye ranar jarrabawa mu wuce.

Ni ne na ɗaya a ajinmu, kuma na san da hakan fiye da yadda ya kamata yaro ya sani. Tun a makarantar ƙauye ake yabona. Akwai wani ƙashi da aka ɗaure da zare, sambol muke ce masa, wanda ake rataya wa duk yaron da aka kama yana Hausa a harabar makaranta, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai sauke wa. Wanda ya kwana da shi ya sha bulala da safe. Bai taɓa kwana a wuyana ba. Na gwanance da tsokanar yaro har ya yi subul da baka, in miƙa masa in yi gaba. Da na ci jarrabawa aka kai ni Konni, aka danƙa ni hannun wani aminin babana mai sayar da hatsi, na tafi da wannan hali cikin kayana.

A aji na ƙarshe, shekarar jarrabawar birebe, malamin tarihi, Mushe kamar yadda muke kiran malamai, ya zaunar da wani yaro kusa da ni don in ja shi. Ɗan makaɗa ake ce masa in ana son ɓata masa rai, ko da yake ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba. Gidansu gidan kiɗan fada ne, kakanninsa da taushi suka gaji bin sarakuna. Ya girme mu, ya maimaita aji, kuma kullum sunansa ne ke rufe takardar sakamako. In Mushe ya tashe shi ya karanta, sai harshensa ya yi nauyi, aji ya fashe da dariya, shi ma ya taya mu. Ina ba shi kayena ya kwafa, amma ban taɓa ba shi kyauta ba: yakan ɗebo wa mai masaukina ruwa a madadina.

Zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ne, wanda ya hau gadon sarauta a 1996 ya rasu a hatsarin jirgin sama a Abuja cikin Oktoban 2006. Shekaru ne masu wuya a Nijar. An karya darajar sefa a 1994, albashin malamai na yin watanni bai fito ba, yajin aiki ya fi karatu yawa. A cikin wannan hali Mushe ya ƙudura sai ya kai mu fadar Sarkin Musulmi. Har yau ina jinjina masa, don mutumin da ake bin sa bashin haya ba shi aka fi tsammanin zai yi ta zirga-zirgar neman hatimi saboda 'ya'yan wasu ba. Ya rubuta wasiƙu, ya sami izini, ya yi ciniki da mai kar. Aka yanka wa kowa abin da zai kawo. Babana ya fid da wake daga rumbu ya sayar, bai ce komai ba sai, "In ka je ka yi muna addu'a wurin Shehu." Waɗanda iyayensu ba su samu ba suka zauna. 'Yan mata kaɗan aka bari, su ma sai da wata madam ta yi alkawarin ba za ta ɗauke ido daga kansu ba. Ɗan makaɗa kuwa da hannunsa ya nemo kuɗinsa, ya bi yayyensa bikin aure dare biyu ya dawo da idanu jajir.

Ni aka zaɓa in yi jawabin godiya a madadin makaranta. Na rubuta shi da Faransanci, Mushe ya bi da jan biro, na sake kwafewa a farar takarda, na haddace har ina faɗinsa cikin barci. Na cika shi da kalmomin girmamawa irin waɗanda muka karanta ana yi wa sarakunan Turai. Daga ni har Mushe har darakta, babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa wa zai ji wannan magana a Sakkwato.

Mun tashi bayan asuba. A bakin iyaka Mushe ya fito da takardarsa mai hatimai, amma direba ne ya yi yawancin maganar, tun daga 'yan duwan ɗinmu har jami'an wancan gefe, ya gaida wannan da gida, ya tambayi wancan jikin tsohuwa. Da muka kusa Gwadabawa Mushe ya miƙe cikin mota yana riƙe da ƙarfe, ya ce Marafa Muhammadu Maiturare ne ya kafa garin, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi a 1915, kuma Ɗegel ba ta da nisa daga nan, inda Shehu ya zauna yana karantarwa kafin hijira zuwa Gudu a farkon 1804. Rabin motar na barci. Bayan Kware muka gangara fadamar Rima, ido ya huta da ganin kore, sannan muka shiga gari ta wajen Ƙofar Kware.

Gaskiya fadar ba ta burge ni da farko ba. Wanda aka cika wa kai da hoton madubai da zinariya, in ya ga katanga da babbar ƙofa da fili, sai ya ga kamar an rage masa wani abu. Abin da ke Kanwuri, wato wajen fadar, mutane ne. Dogarai cikin ja da kore, tsofaffi da rawuna zaune a inuwa, masu kawo ƙara, masu kawo gaisuwa, masu jiran wanda zai yi musu iso, da waɗanda ba su jiran komai, zaman fada ne sana'arsu. Sai daga baya na fahimci cewa gidan sarauta a ƙasar Hausa ba don kallo aka gina shi ba. Zaure ne bayan zaure, kuma inda aka tsayar da kai shi ne matsayinka. Wani a fili zai ƙare, wani a zauren farko, wani a wuce da shi ciki, kaɗan ne ke kaiwa inda sarki yake. Babu allon da aka rubuta wannan doka, amma kowa a wurin ya san ta, ban da mu.

Mushe ya gyara wuyan rigarsa ya nufi wani dogari, a tsaye, takalmi a ƙafa, wasiƙa a hannu. Ya fara da Faransanci don sabo, ya ankara, ya juya Hausa. To amma Hausar ɗan boko ce ta Nijar, wadda kowace jimla sai an cusa mata kalmar Faransanci biyu. Dogarin bai yi masa wulaƙanci ba. Ya dai saurare shi, ya dubi takardar, ya dubi takalmin, ya ce a jira. Muka jira har inuwa ta matsa ta bar mu. A lokacin na ga abin da ban taɓa gani ba: mutumin da in ya shigo aji numfashi ke ɗaukewa, yana share zufa yana waige-waige kamar ɗan aike da ya manta saƙo.

Ban ga lokacin da ɗan makaɗa ya tuɓe silifas ɗinsa ba. Na dai gan shi ya ratsa mu, ya rage tsawo tun daga nesa, ya durƙusa gaban wani dattijo da ke zaune kusa da ƙofa, ya dunƙule hannu ya yi jinjina. Muryar da ke sarƙewa a aji ta fito tar.

"Allah shi ja zamanin Sarkin Musulmi. Allah shi ƙara ma Shehu yarda. Baba, ɗiyanku na daga Konni. Gaisuwa munka kawo, kuma muna son ganin gida."

Dattijon ya ɗago. "Kai ɗan wane gida na?"

"Ranka shi daɗe, ɗan makaɗa ni ke. Taushi munka gada."

Ya faɗe ta da ƙarfi, yadda wani zai ce shi ɗan alƙali ne. Dattijon ya yi murmushi, ya ce ai ya ji a bakinsa. Aka kira wani, wani ya kira wani, aka karɓi wasiƙar Mushe aka shiga da ita. Ba a jima ba aka ce mu tuɓe takalma.

Ba mu ga Sarkin Musulmi ba, kuma da ma ba a yi mana alkawarin ganinsa ba. Wani zaure mai sanyi aka shigar da mu, maza gefe, mata gefe, aka zaunar da mu gaban wani tsoho daga cikin mutanen fada. Bayan an gaisa Mushe ya ƙyafta mini ido. Na sa hannu a aljihu, na miƙe tsaye, ƙafafu a haɗe, yadda aka koya mana tsayuwa gaban sufeto. Sai na ji an ja ƙafar wandona.

"Zamna," in ji ɗan makaɗa, ƙasa-ƙasa. "Ba a tsayi bisa kan manya."

Na zauna. Daga zaune kuwa jawabin ya ƙi fitowa, don an gina shi ne a faɗe shi a tsaye, da hannu ɗaya a ƙirji. Kafin in tattara hankalina shi ya riga ya yi godiyar da Hausa cikin jimla huɗu ko biyar, ya haɗa da addu'a, zaure ya amsa da amin. Mushe bai sake duba inda nake ba. Abin da na ji a raina a lokacin ba kunya kaɗai ba ce. Haushi ne, irin na wanda aka ƙwace wa abin da yake ganin nasa ne. Na zauna ina lissafa makinsa na dikte, ina tuna wa kaina cewa jibi Litinin za mu koma aji, kowa ya koma matsayinsa.

Tsohon ya ce mu ba baƙi ba ne. Ya tambaye mu ko mun san inda aka haifi Shehu. Na sani a takarda: Marata, 1754. Abin da ban taɓa haɗawa ba shi ne Maratar nan ita ce wadda ke kusa da Galmi, garin albasa, nan gabas da mu, inda motocin kasuwa ke wucewa kullum. Ya ce a cikin masu zaɓen Sarkin Musulmi akwai Sarkin Adar na Dundaye, kuma in mun fita mu tambayi unguwar Kwanni, za a nuna mana. Bai ambaci shekara ko ɗaya ba. Da sunayen wurare yake tafiya, daga Ɗegel zuwa Gudu, daga Gudu zuwa Tafkin Kwatto inda aka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa, har faɗuwar Alƙalawa, har Muhammadu Bello ya gina Sakkwato, Shehu ya taso daga Sifawa ya zauna a cikinta shekarunsa na ƙarshe. Ni ne nake liƙa shekarun a zuci, 1804, 1808, 1809, 1817, ina jin daɗin cewa ko ba komai wannan na fi ɗan makaɗa.

Sai ya zo kan Konni. Ya ce tun kafin Tafkin Kwatto, a watannin farko na jihadi, jama'ar Shehu sun fita Matankari, sun fita Konni, suka ci garin. Ya faɗe ta a hankali, ba da gori ba, har ya ƙara da cewa duk wannan ya wuce, an zama ɗaya. Amma ni wani lissafi ya taso mini. In an ci gari, akwai waɗanda ke waje, akwai waɗanda ke ciki. Nawa suna ina?

Na san amsar. Kakata ta wajen uwa 'yar Massalata ce, ƙauyen nan na kusa da Konni da kowa ya sani da Azna, inda har yanzu ake taruwa kowace shekara a yi arwa a duba abin da damina za ta zo da shi. Tana salla, tana azumi, amma ba ta taɓa ɓoye gidan da ta fito ba, kuma akwai abubuwan da ba ta ci, akwai ranakun da ba ta fita gona, in ka tambaye ta ta ce haka ta tarar. A makarantar allo yara sun sha yi mini waƙa da wannan.

Da ya gama, tsohon ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar gari da gida, irin tambayar manya da ke neman inda za su haɗa ka da wani da suka sani. Wannan ya ce Tsarnawa, wancan ya ce Dogarawa, wata ta ce iyayenta daga Illelar Adar suka zo. Ya iso kaina.

"Bazaga, ranka shi daɗe."

"Madalla. Wajen uwa fa?"

"Konni," na ce. "Cikin gari."

Ɗan makaɗa ya san kakata, ya sha cin tuwonta in ta kawo mini ziyara. Ya juyo ya dube ni, ya mai da kansa. Bai ce komai ba a zauren, bai ce komai ba a mota, bai ce komai ba har muka gama makaranta.

Na daɗe ina juya wannan amsa. Babu wanda ya tilasta mini. Tsohon nan ba tarko ya ɗana ba, kuma da na faɗi gaskiya ina jin abin da zai ce bai wuce "Allah shi yi albarka" ba. Abin da ya faru shi ne na saba da awo. Tun ina ɗan shekara bakwai ake auna ni, ana ba ni maki, har na koyi shiga kowane wuri da tambaya ɗaya: a nan me ake ba maki? A lakol Faransanci ne, sai na ɓoye Hausata. A zauren nan na ga kamar asali ne, sai na ɓoye kakata. Yaron da ke gefena bai taɓa cin wannan awo ba balle ya ji tsoron faɗuwa, shi ya sa ya shiga da abin da yake da shi, aka kuma karɓe shi da shi. Ba ina cewa jahilci ya fi ilimi ba, kar a ji ni a karkace. Karatun nan shi ya ba ni abincin da nake ci yau. Amma akwai wani tsoro da ake koya wa yaro mai ƙoƙari tare da karatun, wanda ba a koya wa na baya, kuma ba a rubuta shi a takardar sakamako.

Daga fada muka taka zuwa Hubbare, inda kabarin Shehu yake. Mata sun fi yawa a wurin, tsofaffi da goyo da ƙullin sadaka, wasu daga nesa ƙwarai. Madam ta tara 'yan matanmu tana ba su labarin Nana Asma'u, 'yar Shehu, da jajis ɗinta da ke bin ƙauyuka suna karantar da mata. Na yi wa babana addu'ar da ya aiko ni, da baki dai. Muka ci shinkafa a bakin kasuwa, muka canza 'yan kuɗinmu zuwa naira muka sayi tarkace, direba na ta yi mana ihun za a rufe iyaka.

Da aka yi hutu na koma Bazaga, kakata ta sa aka kira ni. Tsakanina da ita wasa ne, mijinta take ce mini.

"Maigida, an ce ka tai birnin Shehu ba ka ko riƙo min tsaraba ba. Halan wata ka samu can?"

Na ba ta labari, na tsallake abin da na tsallake. Ta saurara, sannan ta ce ita ma ta je Hubbare, tun kafin a haifi uwata, cikin ayarin mata, a bayan babbar mota. Ta kwana biyu a can, ta kai sadakar gero. Na yi sakato. Na ce, ke da kike 'yar Massalata? Ta dube ni yadda ake duban wanda karatu ya taɓa.

"To mi? Shehu na wani na shi ɗai? Can na tai, nan ma in an yi taron gidanmu ina zuwa in gaida dangi. Kai aka ba takarda ka cike, ba ni ba."

A daren ne ta ba ni labarin da ba na cikin zauren fada, ba kuma na cikin rabin shafinmu. Ta ce yaƙin da mutanen Konni ke kuka da shi ba na Shehu ba ne, na Nasara ne. Kakarta na budurwa aka yi shi. Ta ce sun zo da bindigar da ke rusa ganuwa, mutane suka yi ta gudu suna taka juna a ƙofofi, aka kwana ana binne gawa ba a gama ba, har rijiyoyi suka ƙi shayuwa. Waɗanda suka tsira suka watsu cikin daji da ƙauyuka.

Daga baya na sami sunayen a littattafai. Ayarin sojan Faransa ne ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Chanoine, wanda aka tura ya kai Tafkin Chadi. A watan Afrilun 1899 suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka afka wa Birnin Konni, kisan da aka yi a nan yana cikin mafi muni a duk tafiyar. Labarin ɓarnarsu ya kai Faris har aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe su biyun a wajen Maijirgi. Wani abin da ya tsaya mini a rai: a yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1898, an zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne, Konni kuwa tana ciki. Wato a takardarsu ma, garin da suka ƙona ba rabonsu ba ne. Sai bayan Ingilishi sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903 aka sake zama, a 1904 da 1906, aka matsar da layin don Faransawa su sami hanya mai ruwa daga Yamai zuwa Damagaram. Layin nan ne muka tsaya a kansa da asuba muna nuna hatimi don mu je gaida maƙwabta.

Lugu ta sami marubuci. Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, yau kowane ɗan Nijar ya san sunanta. Sakkwato kuwa ba ta taɓa rasa masu riƙe mata tarihi ba, tun daga Bello da ya rubuta Infaƙul Maisuri har Waziri Junaidu da ya rasu a 1997, wanda gidan adana tarihin jihar ke ɗauke da sunansa. Ban ga laifinsu ba, gida ne da ya san darajar alƙalami tun daga tushe, kuma ina alfahari da shi. Ko sarautar ƙauye tana da makaɗanta da ke jera sunayen waɗanda suka gabata. Amma wanda ba shi da fada, ba shi da makaɗi, ba shi da malami, tarihinsa na bakin tsofaffin mata ne, ana ba da shi da dare ga jikan da ya ga dama ya zauna. A sauran hutun na zauna. Na sami wani tsohon kaye na riƙa rubuta abin da take faɗa, da Hausa, wadda babu wanda ya taɓa koya mini rubuta ta, ina ƙirƙiro wa ƙa da ɗa alamomin kaina. Takardar jawabin nan ma a bayanta na rubuta sunayen ƙauyukan da danginta suka watsu, don ita ce farar takardar da ta rage mini.

Yau ni ma alli nake riƙewa. Kai yara Sakkwato ya zama abu mai wuya: Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, ga kuma rashin tsaro a dazukan bakin iyaka da ya sa uba ba zai sa hannu a takardar izini da sauƙi ba. In hali ya yi, arewa muke nufa, Illelar Adar, gidan zuriyar Agabba, ɗan sarautar Agadas da ya kafa mulkinsa a Adar. Kafin mu tashi nakan tambayi aji wa ya san gaisuwar fada, kuma kusan kullum daga bencin baya hannu ke tasowa. Ba zan ce na warke ba. Har yanzu da Faransanci nake ba da maki, har yanzu idona na fara sauka kan yaron da ya fi iya shi, kuma in na shiga taro nakan kama kaina ina laluben abin da ake aunawa a wurin.

Ɗan makaɗa bai ci birebe ba. Ya koma gida ya ɗauki sana'ar iyayensa, ya haɗa da fataucin albasa, yanzu ya fi ni rufin asiri nesa ba kusa ba. Mun haɗu a wani ɗaurin aure a Konni, ina zaune cikin manyan baƙi da babbar riga, malamai da 'yan kasuwa a kewaye. Ya hango ni, ya ɗaga wa yaransa hannu suka sassauta kiɗa, ya karɓi lasifika. Ya kira sunana, ya kira na babana, ya ce ɗan Bazaga, ya ce na ɗaya a aji. Sannan ya ja numfashi ya ce jikan Massalata, ya ambaci kakata da sunanta na yanka, da sunan ubanta, da na gidan da ta fito, ya maimaita har sau uku don na bayan rumfa su ji. Mutane suka juyo. Wani dattijo da ke kusa da ni ya kama hannuna ya ce ashe ni nasu ne, uwarsa daga gidan nan take.

Na tashi na je na manna masa jika biyu a goshi. Ya cire, ya duba, ya juya su gaba da baya, bai kashe lasifikar ba.

"Mushe, wanga na kirari na. Kuɗin tafinta na Sakkwato fa? Har yau ban gane su ba."